Faɗin Ƙofofin Gashi a Fuska: Abin da Ke Rage Shi da Abin da Ke Ƙara Shi

Ƙofofin gashi su ne ƙananan ramukan nan da ake gani a kan hanci, kumatu da goshi, waɗanda kan sa fatar wasu ta yi kama da ɓawon lemo. Kowa yana da su, kuma faɗinsu ba cuta ba ne. Sai dai a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, inda kemis da mai gyaran jiki suka fi likitan fata kusa, mata da yawa kan iso asibiti ne bayan sun riga sun shafa abin da ya ɓata musu fuska.

Me ke sa su faɗi?

Kowane rami bakin wata 'yar jaka ce da gashi ke tsirowa daga cikinta. A gefen jakar akwai halittar da ke samar da maiƙo, kuma ta wannan ramin maiƙon ke fitowa ya jiƙa fata. Idan maiƙo ya yi yawa, ko ya haɗu da matacciyar fata da ƙura ya toshe hanya, sai bakin ramin ya buɗe. Baƙin ɗigon da ake gani a hanci maiƙo ne da iska ta baƙanta, ba datti ba ne.

Gado yana da hannu sosai. Haka balaga, da lokacin da al'ada ta kusa. Maza ma sun fi mata maiƙon fuska, ba su cika damuwa ba ne kawai. Sai kuma shekaru da rana, waɗanda ke cinye kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Idan ya ragu, gefen ramin sai ya saki. Shi ya sa mai noman rani ko mai yini a kasuwar Getso kan ga abin ya ƙaru da shekaru. A zafin Maris zuwa Mayu ma maiƙo kan ƙaru.

Ramukan ba su da tsokar da ke buɗe su ko rufe su. Sirace ba ya buɗe su, ƙanƙara ba ta rufe su. Duk man da aka ce zai shafe su gaba ɗaya, talla ce. Abin da ake iya yi shi ne a rage fitowarsu.

Abin da ke aiki

A wanke fuska da sabulu mai laushi sau biyu a rana, safe da dare, da hannu, ba da soso ba. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, ba shi da illa. Sabulun salo yakan busar da fatar wasu. Idan fuska na ɗaurewa ko tana sāɓa bayan wanki, a canza.

Sabulu ko man fuska mai sinadarin salisilik na kashi 2 cikin 100 yana shiga cikin ramin ya narkar da abin da ya toshe. A fara da sau biyu ko uku a mako. Niyasinamaid, wani nau'in bitamin B3, yana rage maiƙo kuma ba ya cika ƙona fata.

Mafi ƙarfi su ne mayukan dangin bitamin A, kamar adafalin, wanda ake sayarwa da sunan Differin, da tiretinoyin. Da daddare ake shafawa, gwargwadon ƙwayar wake ga duk fuska, a fara da tsallake kwana biyu. Makonnin farko fata kan bushe ta yi sāɓa, musamman da hunturu, don haka a haɗa da man shafawa marar nauyi. Sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga bambanci, kuma a nan ne mafi yawa ke karaya su daina. Mai juna biyu, ko wadda ke neman samu, kada ta shafa su. Amaryar da bikinta ya rage wata guda ma ba na ba ta shawarar farawa.

Da safe a shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Baƙar fata ma tana buƙatarsa. Basilin da man kaɗanya suna da kyau ga ƙafa, hannu da leɓe lokacin sanyi, amma sun yi wa fuska mai maiƙo nauyi.

Abin da ke ɓata lamarin

Babbar matsalar ita ce man bilicin da mayukan tub da ake saya ba tare da takardar likita ba. Da yawansu na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol da betametason. A makonni biyun farko fuska kan yi haske da santsi, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gashi ya ƙaru, ramukan kuma su fi da fitowa. Masu haidurokinon, idan aka daɗe a kansu, kan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani. Masu makuri kuwa har ƙoda suke taɓawa. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar al'ummar Najeriya.

Dilka da kurkur na gyaran amare suna cire matacciyar fata, a samu santsi na 'yan kwanaki. Ba laifi idan an bi fuska a hankali. Abin tambaya shi ne me aka zuba a cikin haɗin, domin wasu kan cakuɗa da man bilicin ba tare da sun faɗa ba. Lemon tsami, kanwa da man goge baki ƙona fata suke yi, kuma a baƙar fata duk ƙuna tabo take bari. Matsa da farce ma haka.

Ɓoye su da kwalliya

Bayan man shafawa ya bushe, a ɗan dangwala firaima mai silikon a hanci da kumatu kaɗai. Ita ke cike ramukan. Sannan fandeshin marar maiƙo, kaɗan, a danna da soson kwalliya maimakon gogawa. Hoda mai ƙyalli tana tona ramukan, kuma idan aka lafta da yawa sai ta taru a cikinsu da zarar gumi ya karyo. Idan fuska ta yi maiƙo da rana, a danna tishu kafin a ƙara hoda. A wanke soso da burushi duk mako, kada a yi aronsu a gidan biki, kuma kada a kwana da kwalliya.

Yaushe za a ga likita?

Idan akwai ƙuraje masu zafi ko ruwa, ko ramuka masu zurfi da ƙuraje ko ƙarambau suka bari, waɗannan tabo ne, man shafawa ba ya cike su. Macen da ke da maiƙo da ƙuraje tare da gashin gemu da rikicewar al'ada tana buƙatar gwaji. Wadda ta daɗe tana shafa sitiroyid kada ta yanke lokaci guda, domin fuska kan yi ja da raɗaɗi. Likita zai tsara yadda za a janye. A fara da Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, inda za a iya tura mutum ga likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da duk mayukan da ake shafawa, har da kwalayensu.