Kimba: yadda muhalli ke sauya kamannin bishiyar da ƙamshin 'ya'yanta

Kimba tana cikin kayan ƙamshin da kusan kowane gidan Bahaushe ya san su. Ana dake ta tare da citta da kanumfari da masoro da barkono a haɗa yajin jego, ana jefa ta cikin kunu da fura da romo. Amma kaɗan ne daga cikin masu amfani da ita suka taɓa ganin bishiyarta, domin ba ta fita a filin ƙasar Hausa. Daga kurmi take zuwa, kuma tun zamanin fatake ake kawo ta Arewa ta hanyoyin da goro ke bi.

Masana tsirrai suna kiran bishiyar Xylopia aethiopica. Kalmar farko daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta itace mai ɗaci. Wani masani Bafaranshe mai suna Dunal ne ya bayyana ta a littafinsa na shekarar 1817, daga baya wani ɗan ƙasarsu, Achille Richard, ya sanya ta a rukunin da take ciki a yau. Danginta ɗaya da gwandar daji. Yarbawa suna ce mata eru, Inyamurai uda, mutanen Asante a Ghana hwentiya, Wolof na Senegal kuma jar, kuma da ita ake haɗa gahawar nan ta Tuba da mabiya ɗariƙar Muridiyya suka shahara da ita. Tana fitowa daga Senegal zuwa Sudan, ta gangara kudu har Angola da Zambiya da Mozambik. Kafin masoron Indiya ya wadata a Turai, an daɗe ana kai ta can a matsayin madadinsa.

Bishiyar da ta bazu a faɗin ƙasa haka ba za ta kasance da kama ɗaya a ko'ina ba.

Tsawo da saiwa da ganye

A cikin dajin da ruwan sama ke yawa, irin na jihohin Kuros Riba da Edo da Ondo, kimba tana miƙewa sambal, tana iya kaiwa mita 20 ko fiye, gangar jikinta siririya, rassanta can sama. Dalilin a fili yake: a kurmi haske shi ne abin da ake takara a kansa. Ƙaramar bishiyar da ta tsiro a ƙarƙashin manya takan zuba ƙarfinta wajen yin tsawo, ta jinkirta yin rassa har sai ta sami rana. Idan iri ɗaya ya faɗa a gefen gona ko a tsohuwar saura inda babu mai yi masa inuwa, sai ya fito gajere, ya baza rassa tun daga ƙasa-ƙasa. Ga mai tsinka, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin 'ya'yan gajeriyar bishiya hannu ko sanda na kai musu, na doguwa kuwa sai an hau, kuma wahalar hawan ce ke sa wasu sare reshe ko ma kayar da bishiyar ɗungurum.

A Arewacin yankin da take fita, inda rani ke daɗewa, kimba tana laɓewa ne a 'yan kurame na bakin rafi da ƙoramu. A nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ke maye gurbin ruwan sama. Tazarar tana da girma: Kalaba na samun ruwan da ya kai kusan milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa ba kasafai take kai 1,000 ba, kuma na Kano yana sauka ne cikin watanni huɗu zuwa biyar. Bishiyar da ba ta zubar da ganye da rani, kamar kimba, ba ta iya jure wannan doguwar bushewa da hunturu sai a inda ƙasa ke riƙe da laima.

Saiwa ma tana bin hali na ƙasar. A wuri mai dausayi ko fadama, inda ƙasa ke da laushi kuma iska ba ta shiga cikinta sosai, akan ga gindin kimba da saiwoyi da suka fito daga jikin gangar suka kafu kamar ƙafafu, ko kuma wasu faffaɗan ƙusoshi da ke tallafe ta. A kan tudu mai tsandauri wannan siffa ba ta cika bayyana ba.

Ganye kuwa yana bin wata ƙa'ida da aka sani a yawancin bishiyoyi. Wanda ya girma a inuwa yakan yi faɗi, ba kauri, don ya kama ɗan hasken da ke ratsowa. Wanda ya girma a rana yakan ƙanƙance, ya yi kauri, don ya rage asarar ruwa. Ana iya ganin nau'in biyu a jikin bishiya guda, na sama da na ƙasa.

Inda ƙamshin yake

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa da uwargida shi ne ƙamshi. 'Ya'yan kimba suna fitowa ne a dunƙule kamar yatsu, kore ne da farko, su yi ja idan sun nuna, su koma baƙi-baƙi bayan an shanya su. Yawancin ƙamshin yana cikin ɓawon. Ƙwayoyin ciki ɗaci gare su, shi ya sa ƙwararrun masu girki ke fasa ta su zubar da su. A cikin ɓawon akwai ƙananan ɗakuna masu ɗauke da mai mai saurin tashi, kuma wannan man haɗin sinadarai ne masu yawa. Fitattu daga cikinsu su ne finin, mai ƙamshin itacen fir. Da siniyol, wanda shi ne ke ba ganyen bishiyar turare sanyin nan da ke buɗe hanci. Da sabinin, mai ɗan yaji-yaji.

An tace man kimba a ɗakunan gwaji daga 'ya'yan da aka tsinko a Mali da Ghana da Benin da Najeriya da Kamaru, kuma sakamakon bai zo ɗaya ba. A wasu wurare finin ne ke kan gaba, a wasu sabinin, a wasu kuma siniyol ya fi yadda aka saba gani. Ashe ke nan mai sayar da kayan yaji da ke shinshina buhu ya ce wannan ta fi waccan kaifi ba camfi yake yi ba; hancinsa yana gano abin da na'ura ke tabbatarwa.

Bishiya ba don ɗan Adam take yin wannan mai ba. Kariya ce daga ƙwari da funfuna da dabbobin da za su cinye 'ya'yan kafin su nuna. Don haka yawansa da haɗinsa suna motsawa tare da halin da bishiyar ke ciki: ƙarfin rana, ƙarancin ruwa, irin ƙasa, yawan ƙwarin da ke damun ta. A tsirrai masu ƙamshi da yawa an lura cewa matsin da bai kai na kisa ba, kamar 'yar ƙishirwa, yana ƙara kaurin man, ko da yake yana rage yawan amfanin.

Sai dai kuskure ne a ɗora komai a kan muhalli. Lokacin da aka tsinke 'ya'yan, ɗanye ko nunanne, yana sauya ƙamshi. Yadda aka busar da su ma haka: a wasu sassan Senegal hayaƙi ake sa musu, abin da ke ba su wani ɗanɗano na daban, a wasu wuraren kuma rana kawai. Sannan man yana tashi a hankali a cikin ajiya, musamman a rumfa mai zafi. Kimbar da ta shekara a buhu ba za ta yi daidai da sabuwa ba, ko da daga reshe ɗaya suka fito. Wadda ba ta bushe sosai ba kuwa funfuna ke kama ta, kuma wannan ya wuce maganar ƙamshi, ya shiga ta lafiya.

Gado ne ko wurin zama?

Tambayar da ta fi muhimmanci ga mai son shuka ita ce wannan: idan aka ɗebo iri daga bishiyar da ta yi suna da ƙamshi aka kai wani wuri, halin zai bi shi? Bambanci tsakanin bishiyoyi iri biyu ne. Akwai wanda muhalli ke jawowa a rayuwar bishiya guda, wanda kan ɓace idan an canza mata wuri. Akwai kuma wanda ya zama gado, saboda zuriyar ta daɗe a wuri ɗaya har ta saba da shi.

Hanyar rarrabe su tsohuwa ce. A 1922 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göte Turesson, ya tattaro tsirrai jinsi ɗaya daga bakin teku da tudu da daji ya shuka su a lambu ɗaya, sai ya ga wasu bambance-bambancen sun ɓace, wasu sun tsaya. Clausen da Keck da Hiesey sun faɗaɗa wannan aiki a Kalifoniya ta Amurka, inda suka dasa tsiro guda a tashoshi uku, daga kusa da teku zuwa kan tsaunuka. Abin da ya dawwama a lambu ɗaya shi ne gado. Ga bishiya irin kimba, wadda sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, gwajin yana bukatar haƙuri da kuɗi, kuma aiki ne irin na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan da jami'o'in da ke koyar da ilimin daji.

Tsarin ƙasar Afirka ta Yamma ma yana da hannu a lamarin. Tsakanin gabashin Ghana da Benin akwai wani yanki da dajin sabana ya sauko har bakin teku, ya raba babban kurmin yankin gida biyu. Haka kuma kowane ɗan kurmin bakin rafi a Arewa tamkar tsibiri ne. Tsuntsaye da birai ne ke yaɗa ƙwayar kimba, ƙananan ƙwari kuma ke kai garin fure daga bishiya zuwa bishiya. Idan tazara ta fi ƙarfinsu, kowane rukuni sai ya riƙa haihuwa a cikin kansa, kuma a hankali ya bambanta da sauran.

Har yanzu yawancin kimbar da ke kasuwannin Kano da Sakkwato da Maraɗi daga daji ake tsinko ta, ba daga gona ba. Itacenta ma ana nemansa don ginin ɗaki, saboda gara ba ta cika cin sa ba. Idan aka share wani kurmi don noma ko gawayi, zuriyar da ta saba da wurin tana tafiya tare da shi, kuma waɗanda suka fi shiga haɗari su ne na bakin iyakar Arewa, waɗanda suka rayu da doguwar rani. Daga cikinsu ne ya kamata a fara tara iri, a rubuta sunan wurin da aka ɗebo kowanne da irin ƙasarsa, kafin a gauraya su a gidan reno.