Wa ke tsara dariyar Sallah a Shira?

A ƙasar Katagum barkwancin biki ya riga talabijin zuwa. Azumi na kai goma yara za su fito tashe, su bi gida-gida suna kwaikwayon malami da tsoho, samari kuma su tasa gwauro a gaba. Ranar Sallah, bayan an sauko idi an kalli hawan sarki a Azare, 'yan kama da 'yan gambara su karɓi fili. Mutanen da suka tashi a haka ba a yi musu wasan banza su yi shiru.

Kaduna ta fara watsa hoto a 1962, aka yi Jihar Bauchi a 1976, aka haɗe tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977. Amma a garuruwan Shira kamar Yana ko Disina, a lokacin samun hoton kansa aiki ne. Ana ɗaure eriya a kan doguwar gora, yaro ɗaya yana waje yana murɗawa, na ciki suna ihu: "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Inda babu lantarki, batirin mota ne ke ɗaukar nauyi, in ya yi sanyi hoton ya tsuke har Samanja ya koma ɗan ƙanƙani.

Taurarin wancan zamani sanannu ne. Usman Baba Pategi, tsohon soja, shi ne Samanja Mazan Fama mai gwamutsa Hausa da Turancin bariki. Ga Kasimu Yero a Karambana, ga Karkuzu daga Jos, ga Golobo daga ɓangaren Sakkwato. A Kano kuma, inda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV, ga Kuliya Manta Sabo da Hankaka. Wasu mun same su ta eriya, wasu sai daga baya a kaset. Ƙorafin masu kallo a lokacin guda ne: ranar da kowa ke gida yana jiran wasa, ranar ake cika tasha da jawabin manya da gaisuwar barka da Sallah, a tura wasan can dare. Kafin a zo kansa an ɗauke wuta. Kuma ba ka da wanda za ka kai wa kuka, sai dai ka rubuta wasiƙar da ba ka san ko za a buɗe ba.

Kaset ɗin bidiyo ne ya sauya lissafi. Bayan Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, tsarin kallon Sallah ya bar hannun ma'aikatan tasha ya dawo hannunmu, masu gidajen kallo. Na daɗe ina wannan sana'a a Yana. Masu shirya fim kan riƙe sababbin ayyukansu sai dab da Sallah, mu kuma mu shiga mota zuwa Kano, kasuwar Ƙofar Wambai, mu saro. Da dawowa sai a wanke allo a jingina bakin ƙofa, a rubuta da alli. Da hantsi ba kowa, ana yawon gaisuwa. Bayan azahar yara za su ɓarke da kuɗin barka da Sallah a aljihun sababbin kaya, nan ne wurin camama. Fim ɗin soyayya ko na Indiya sai bayan isha'i, na samari.

Camama kuwa a wancan lokaci kusan Rabilu Musa Ɗan Ibro ake nufi, shi da su Ciroki da Daushe da Bosho. A nan na san abin da ake kira ra'ayin mai kallo. Ba ya jiran a tambaye shi. In fim ya wuce minti goma ba a yi dariya ba, za ka ji an fara buga benci, wani daga baya ya ce, "Mai gida, canza mana ko a ba mu kuɗinmu!" Abin mamaki, bakin da ke zagin maimaici shi ne ke roƙonsa. Ka kawo sabo dal, a kalli rabi, a ce a mayar da tsohon Ibron da kowa ya haddace, ɗaki duka yana faɗin maganar kafin ta fito daga bakinsa. Kaset ya sha juyi har zaren ya harɗe, ka zaro shi ka naɗe, ana jiranka ba wanda ya tashi.

Dattawa ba su taɓa yarda da Ibro ba. A majalisa cewa suke Samanja ilimi ne, Ibro shirme. Da aka ɗaure shi a Kano a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko, gari ya rabu biyu, masu cewa ya yi daidai da masu cewa zalunci ne. A ganina masu kwatancen sun manta wanda ke biya. Samanja tashar gwamnati ta ɗauki nauyinsa, dole a ƙarshe ya faɗakar. Ibro kuɗin yaron da ke kan benci ne ke ciyar da shi, in bai sa dariya ba gobe ba mai sayen kaset ɗinsa. Da ya rasu a watan Disamban 2014, har masu kushensa na gani sun tsaya bakin ƙofa suna leƙe.

A shekarar ce Arewa24 ta fara aiki, faranti ya hau rufin gidaje, jadawali ya koma hannun tasha. Daɗin Kowa, sannan Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi a 2019, suka shigar da dariya har ɗakin matan aure, waɗanda dama gidan kallo bai taɓa zama wurinsu ba. Wannan riba ce babba, kuma mu masu tsohuwar sana'a ba mu cika faɗinta ba. Sai dai shiri mai dogon zango na kowane mako ne, bai san Sallah ba. Yaran yanzu jajibiri suke kai waya wurin masu tura fim a cika musu, kowa da nasa tsarin. Gidajen kallon da suka rage ƙwallon Turai ce ke riƙe da su, har in Sallah ta faɗo lokacin da 'yan wasa ke hutu, wasu ba sa wahalar tada janareto.