Daga Fijo zuwa Golf: Wa Ke Zaɓa wa Ɗan Arewa Motar Gudu?

Duk saurayin da kuɗi suka fara zama a hannunsa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, in ya tashi sayen mota, burinsa ya samu wadda za ta amsa da zarar ya taka totur, ta yi daɗin sitiyari a kwana, amma kuma ta ɗauki iyali da buhun masara ranar da za a je gida gaida tsofaffi. Zai yi wata da watanni yana zagaya wuraren dillalai yana buga taya da ƙafa, yana ganin shi ne mai zaɓe. Tarihin shekara hamsin da suka wuce bai goyi bayan wannan zato ba. Motar da ta yi suna da gudu a ƙasar Hausa, a kowane zamani, ba ita ce wadda ta fi kowace ƙarfin inji ba. Ita ce wadda bakaniken unguwa ya san cikinta, kayan gyaranta suka cika kasuwa, darajar Naira kuma ta bari aka iya sayenta. Kafin mai saye ya iso, an riga an gama zaɓen a gareji da kasuwar canji, shi dai launi ya rage masa.

Fijo 504 ce ta fara kafa wannan ƙa'ida. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, amma ba don tsere aka ƙera ta ba, mota ce ta magidanta. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙafafunta: tana da tsayi daga ƙasa, shokozobanta na da dogon zango, tayoyin baya ne ke tura ta, injinta kuma ba shi da wani sirrin da zai gagari mai sifana. A titi mai santsi motoci da yawa za su wuce ta. A hanyar burji mai gargada kuwa, inda direban wata motar dole ya sassauta don kada ya karya ƙafa, mai 504 sai ya ƙara wuta. Wannan ba labarin tasha ba ne kawai. A 1975 ita ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta kuma lashe na Maroko a hannun Hannu Mikkola, wato tseren da ake yi a kan irin hanyoyin da direbobinmu ke bi kullum. Daga nan ma'anar gudu ta sauya a nahiyar nan. Ba abin da allurar mota ta nuna na minti ɗaya ake dubawa ba, sai dai ƙarfe nawa ka bar Kaduna, ƙarfe nawa ka shiga Kano, kuma ko motar za ta iya maimaita haka gobe da jibi.

A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar haɗa Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki, kamfanin Volkswagen kuma ya buɗe tasa a Legas. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwan Legas a lokacin, da kuma nisan Kaduna daga teku, ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Abin zai zama kamar almubazzaranci ga mai karatu na yau, amma kuɗin man fetur ne ke magana. An biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, akwai rancen mota da ake cira daga albashi sannu a hankali, Naira ɗaya kuma ta fi Dala ɗaya daraja. Malamin sakandare mai digiri na iya sayen sabuwar mota dal ba tare da an zarge shi da taɓa kuɗin hukuma ba. Sai gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta zo da manufar rage facaka, aka mayar da Fijo motar manyan jami'ai. Sakamakon shi ne wani abu da ba a sake gani ba tun daga lokacin: motar da babban sakatare ke shiga ita ce ta direban haya, ita ce ta ɗan sanda, ita ce ta alhajin da ke fataucin goro. Da yawanta ya kai haka, sai kowane gari ya samu bakaniken da zai iya sauke injinta da safe ya mayar kafin la'asar, yaransa kuma suka tashi ba su san wata mota kamarta ba.

Turai a daidai wannan lokaci ta ba da tata amsar ga wannan buri na haɗa gudu da amfani. Wasu injiniyoyin Volkswagen sun ɗauki ƙaramar Golf ta zuwa kasuwa, suka sa mata inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, suka ƙarfafa ƙafafunta. Nauyinta bai wuce kilo 810 ba, tana kuma kaiwa kilomita 182 a awa. Aka fara sayar da ita a 1976 da sunan Golf GTI, da niyyar ƙera guda 5,000 kacal, sai ga shi an sayar da fiye da 400,000 na wannan zubin farko. Fijo ta biyo baya da 205 GTI a 1984. Abin lura a nan shi ne yadda aka karya ƙashin bayan irin waɗannan motoci a Ingila a farkon shekarun 1990. Ba injinsu ne ya gaza ba. Ɓarayi da samari masu ganganci ne suka matsa musu, kamfanonin inshora suka ninka kuɗin da suke karɓa, har matashin da aka yi motar dominsa ya kasa riƙe ta. Ko a can ɗin ma, ashe, kuɗin riƙo ne ke yanke hukunci ba kuɗin saye ba. Bambancin kawai shi ne a Ingila takardar inshora ce ke yanke shi, a nan kuwa farashin famfon mai da famfon birki.

Zamanin sabuwar mota ya ƙare mana ne a 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka saki Naira a kasuwar canji. Cikin shekara guda Dala ɗaya ta koma kusan Naira huɗu, zuwa 1993 ta haura ashirin a farashin hukuma. Tunda sassan motar Kaduna daga waje ake sayo su, farashinta ya bi Dala, albashi kuma ya tsaya inda yake. Mutane ba su daina son mota ba, sai suka juya ga wadda Bature ya gama yayinta. Hanyar ma ba sabuwa ba ce: tun shekarun 1970 samarin Turai ke tuƙo tsofaffin Fijo su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su sayar a Arlit da Agadas su koma gida da kuɗin jirgi, har rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa suka rufe hanyar a farkon shekarun 1990. Sai harkar ta koma teku, daga tashar Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano, daga can a bi da motocin ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi, su faɗo Najeriya ta Illela ko Jibiya, wasu da takardun kwastan, wasu ta barauniyar hanya cikin dare. Wannan fatauci ya rayar da dillalai da direbobin da sana'arsu ke nan kawo mota daga Kwatano. Ya kuma haifar da abin da ya fi muhimmanci ga batunmu: tare da motocin ake shigo da injuna da giyoyi da ƙafafun da aka ciro daga waɗanda suka mutu a Turai, su cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

A wannan kasuwa ce Golf ta uku, wadda aka ƙera daga 1991, ta samu gindin zama. Akwai mai inji shida da ake kira VR6, mai ƙarfin doki 174, amma ba ita ce ta mamaye hanyoyinmu ba. Mai inji huɗu ce, musamman doguwar nan mai faɗin but, domin Jamusawa sun saye ta da yawan gaske, don haka in injinta ya buga, sayen wani ɗan Beljiyam ya fi sauƙi a kan a tsaya gyara. Direbobin haya ne suka yi mata gwajin da babu wani kamfani da zai iya yi. Sun cusa fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, kaya sun hana but rufuwa, suka yi ta sintiri tsakanin Kano da Katsina da Gusau da Maiduguri. Motar da ta jure wannan azaba ta ci jarrabawa a idon kowa, kuma mai sayen motar kansa yakan leƙa tasha ya ga abin da direbobi ke ja kafin ya taɓa aljihunsa. Haka ta faru da Fijo 406 da 206, sannan da Honda Accord da Toyota Camry da Corolla lokacin da gwanjon Amurka ya fara rinjayar na Turai.

Za a iya cewa duk wannan kauce wa tambaya ne, domin motar haya ba motar gudu ba ce, kuma ai akwai BMW da Marsandi masu ƙarfin gaske a titunan Abuja da unguwannin masu hali na Kano. Akwai su, babu musu. Sai dai mai irin wannan mota yawanci yana da wata a ajiye ta zirga-zirgar yau da kullum, don haka bai fuskanci matsalar da muke magana a kai ba, wato mota ɗaya da za ta yi komai. Wanda kuwa ya tattara adashinsa ya sayi tsohuwar babbar motar Jamus don ya same ta da araha, dillalai sun san ƙarshen labarinsa. Arahar tata ita ce gargaɗin: an karyar da ita ne saboda kowa ya san abin da ke jiran mai ita ranar da giya ko na'urar lantarki ta samu matsala. Motar da ke kan jak tana jiran kaya daga Legas ba ta da gudu ko kaɗan, komai yawan dawakin da aka rubuta mata.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Idan bakanike ne ke zaɓa wa jama'a mota, to iyakar iliminsa ta zama iyakar kowa. An daɗe ana gudun mota mai giyar otomatik don kawai masu gyara ba su saba da ita ba. An yi ta cire na'urar daidaita zafin inji da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi ta, ana ɗaure fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa, alhali hakan na ƙara shan mai da cin inji. Motoci masu kyau sun yi baƙin jini a kasuwa ba don laifinsu ba. Wannan gaskiya ne, kuma asara ce. Amma bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi, domin ya nuna ko ingancin mota bai isa ya cece ta ba in gareji bai karɓe ta ba. Kuma garejin yana koyo, ko da a makare: yau Camry da Accord masu otomatik sun zama ruwan dare, yaran kanikawa kuma na yawo da na'urar da ake sakawa a gano ciwon mota ta kwamfuta.

Sai batun rai. Ba a iya ba da tarihin gudu a hanyoyin Arewa a tsallake gawarwakin da aka kwasa a kansu, kuma ba don nishaɗi aka kafa hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa a 1988 ba. Golf ɗin da ake yabo da sauri an yi ta ne don mutum biyar, birkinta da tayoyinta an auna su da wannan nauyi, ba da na mutum bakwai da buhunan albasa ba. Tsarin da ya sa motar ta yi araha shi ne ya kawo tayoyin gwanjo da suka wuce wa'adinsu. A nan kasuwa ta yi lissafin da ba daidai ba, domin ta ƙirga kuɗin inji ta manta da na asibiti.

Masana'antar Fijo ta Kaduna kuwa ba ta farfaɗo daga faɗuwar Naira da shigowar gwanjo ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta daina saya wa jami'anta motoci, ta mayar da haƙƙin kuɗi a albashi, babban mai ciniki ya tafi, aka kuma daina haɗa 504 wajen 2006. Hanyar Kwatano ita ma ta ƙuntata tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na kan tudu daga Janairun 2017. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a shekarar da ta biyo baya, Dala kuma ta haura Naira 1,500. Tambayar farko a wurin dillali yanzu ita ce nawa take sha, masu inji shida sun yi kwantai, motar da aka yi amfani da ita a cikin gida ta maye gurbin 'yar Beljiyam ga yawancin ma'aikata. Motocin da Turai da Amurka ke ƙerawa a yau kuwa, waɗanda za su zama gwanjonmu nan da shekara goma, ƙananan injuna ne masu turbo da ke buƙatar mai da baƙin mai masu tsabta, ko kuma masu batir, kuma har yanzu ba su cika rumfunan Ƙofar Ruwa ba.