Baƙon Da Ba Ya Sallama: Yadda Magabata Suka Riƙe Fikira

Kowane marubuci ya san cewa fikira baƙo ce da ba ta sallama. Takan zo ana tsakiyar darasi a aji, ko ana ciniki a kasuwa, ko an kishingiɗa barci ya fara ɗauka. In aka ce mata sai da safe, gari na wayewa sai a nema a rasa. Mu da ke zaune a Ƙofar Kuyambana ba sai mun je nesa neman magani ba, domin tarihin birnin Zariya ya ishe mu misali.

Mu fara da Malam Aliyu Namangi, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne tun yana yaro, saboda haka bai riƙi alƙalami ba. In baiti ya zo masa sai ya ɗora shi bisa kari, ya yi ta rerawa har ya zauna a ka, daga baya ya karanta wa marubuta su sa a takarda. Karin Imfiraji ma daga kiɗan caji ya aro shi, ya mayar da shi ga wa'azi da yabon Annabi (SAW). Karin nan shi ne turken da ya ɗaure kalmomin har mai tawada ya iso.

Sai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gado a 1903. Hidimar sarauta a ƙarƙashin Turawa ba ta barin mutum ya sarara, amma a cikinta ya tsara Waƙar Diga, game da aikin hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano a 1911. Bai jira ƙura ta lafa ba. Da ya jira, wataƙila da an yi hasara, domin Turawa sun tuɓe shi, ya rasu a Lakwaja a 1924.

Tun kafin su, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara waƙoƙinsa na Larabci a tsakanin hijira da yaƙe-yaƙen jihadi. A 1813 ya zauna ya tattara su a cikin Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin yin kowace ɗaya.

Matakai uku ke nan magabata suka bar mana: a kama nan take, a rubuta da wuri, a tattara daga baya. Su gafaka da tawada gare su, mu kuwa biro da ƙaramin littafi a aljihu sun wadatar. In hannu bai da sarari, to, a ɗora jimlar bisa wani kari da aka sani, a yi ta maimaitawa har a isa gida.

'Yan'uwa masu sha'awar rubutu, wanda bai ga takarda da idonsa ba ya bar mana Imfiraji. Mu masu ido da biro, wane uzuri za mu kawo?