Daren da iskar guba ta sauka kan garin Bopal

Yau tarihi zai kai mu ƙasar Indiya, garin Bopal, daren 2 wayewar 3 ga watan Disamba 1984.

A gefen garin akwai ma'aikatar kamfanin Union Carbide na Amurka, mai haɗa maganin ƙwari na gona. Talakawa sun yi unguwanni har jikin katangarta. Ciki kuwa ana ajiye wani sinadari mai suna MIC, gubar da ba ta shiri da ruwa ko zafi. A wannan dare ruwa ya shiga tanki mai lamba 610, ya tarar da wajen tan 40. Abin ya ɗau zafi, ya tafasa, ya fito ya zama hayaƙi. Da yake ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa-ƙasa ya shiga ɗakuna, mutane na barci.

Ya aka yi ruwan ya shiga? Ma'aikata sun ce wajen wankin tiyo ne, kamfani ya ce wani ne ya yi da gangan. Amma abin da ya biyo baya ba a gardama a kai. Injin sanyaya tankin an kashe shi watanni kafin nan. Na'urar wanke gaz ɗin ba ta cikin aiki. Hasumiyar da ke ƙona shi an cire mata tiyo ana gyara. Ruwan da aka fesa bai kai tsawon inda hayaƙin ke fita ba. Jiniyar gargaɗin gari ma, an kunna ta aka yi saurin kashewa. Kowace kariya an yi ta, amma ranar da aka neme ta ba ta nan.

Gwamnatin jihar Madiya Faradesh ta ƙirga mutum 3.787 da suka rasu, ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa sun ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Sama da mutum 500.000 suka shaƙi gubar. A asibitin Hamidiya likitoci ba su ma san me suke magani ba. Mutanen unguwa kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa jiƙaƙƙen tsumma a fuska na rage illa. Wani ɗan jarida, Rajkumar Keswani, ya yi ta kashedi tun 1982, ba a saurare shi ba. A 1989 kamfanin ya biya diyyar dala miliyan 470.

Kada mu ce abin na da ne. Ranar 27 ga watan Yuni 2022, a tashar jiragen ruwa ta Akaba a ƙasar Jodan, igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke da tankin klor mai tan 25. Mutum 13 suka rasu, sama da 250 suka jikkata. Kayan sun fi ƙarfin igiyar, ba a duba ba.

To mu ina ruwanmu? Klor ɗin nan da shi ake tsabtace ruwan sha, amoniyak kuma ana aiki da shi wajen yin ƙanƙara. Duk inda ake ajiye butelinsu, ƙa'ida ɗaya ce. A tsayar da buteli a ɗaure shi da sarƙa, hular ƙarfe na rufe da bakinsa. A kai shi inuwa inda iska ke ratsawa, don zafin bazararmu na ƙara masa matsi. Ba a jan shi a ƙasa, ba a jefo shi daga mota. In butelin klor na yoyo, kada a zuba masa ruwa, ramin zai ƙara cinyewa. A kira ƴan kwana-kwana. Wanda ke kusa ya ratsa iska ta gefe, ya nemi tudu, kada ya bi inda take kaɗawa.

Ma'aikaci na da haƙƙin ya tambayi me ke cikin butelin da aka ce ya ɗauka. Maƙwabcin ma'aikata shi ma na da haƙƙin ya san kukan jiniya da inda zai nufa in ya ji ta. Mutanen Bopal ba a gaya musu ba. Mu mu tambaya tun yau.

Allah ya kiyaye mu, ya jiƙan waɗanda suka rasu.