Kwabban 'Yan Kasuwa na Ƙasar Ingila

Cikin abubuwan da nake tarawa don sha'awa akwai waɗansu tsofaffin kwabbai na tagulla da aka buga a lardunan Birtaniya, waɗanda ba Sarki ne ya buga su ba, 'yan kasuwa ne da masu masana'antu. Na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayaninsu, domin ko kalmar nan tamu ta kwabo daga sunan tagulla da Ingilishi muka aro ta. Sai dai tun da fari in tuna wa na baya-baya cewa a lissafin kuɗin da, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, rabin kwabo kuwa shi ake kira ɗari.

Asalin abin rashin canji ne. A shekarar 1775 gidan buga kuɗi na Sarki da ke Landan ya daina buga kuɗin tagulla, aka yi shekara 22 ba a koma ba. To, wannan lokaci kuwa shi ne lokacin da mutanen karkara ke ta kwarara zuwa masaƙu da maƙeru da ramukan haƙar ma'adinai. Manomi yana iya yin wata bai taɓa kuɗi ba, amma lebura dole a biya shi ran Asabar, kuma da ƙananan kuɗi, don da su zai sayi burodi da kyandir. Sau da yawa sai maigida ya haɗa ma'aikata uku ko huɗu ya ba su zinariya guda, ya ce su je su canza su raba. Inda ake samun canjin kuwa galibi gidan giya ne, ka ga ke nan lada ya fara zurarewa tun bai kai gida ba. Maƙeran Birmingham suka ga hanyar ci ta samu, suka cika ƙasa da jabu marasa nauyi, har aka kai jabun sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba.

Wanda ya fara neman magani shi ne Thomas Williams, mai riƙe da mahaƙar tagulla ta dutsen Parys a tsibirin Anglesey, ƙasar Wales. Yana da tagulla jibge, yana da ma'aikata masu jiran lada, saboda haka a 1787 kamfaninsa ya buga kwabo na kansa. A fuska ɗaya an zana kan wani dattijo mai lulluɓi, irin limaman gargajiya na Birtaniya ta zamanin da, kewaye da ganyen itace. A ɗaya fuskar da kuma bakin kwabon aka rubuta alkawari cewa duk wanda ya kawo shi a Landan ko Liverpool ko Anglesey za a biya shi kwabo guda. Wannan alkawari shi ne ran abin. Tagullar tana da nauyi, mai alkawarin sananne ne, an kuma faɗi inda za a same shi, shi ya sa jama'a suka karɓa har a garuruwan da ba su taɓa jin sunan Parys ba.

A shekarar nan dai John Wilkinson, babban mai narkar da ƙarfe, ya buga ɗari nasa, ya sa hoton kansa a wurin da aka saba ganin kan Sarki. An yi masa ba'a a kan haka, amma ban ga laifinsa ba, tun da shi ke biya in an kawo. Daga nan ƙofa ta buɗe. Masu sayar da yadi, masu shayi, masu littattafai, masu masaƙa, kowa ya aika Birmingham a buga masa. Na Coventry suna ɗauke da giwa mai hasumiya a baya, wato tambarin garin. Waɗansu an zana masaƙa, ko jirgin ruwa, ko gada, ko ƙofar kanti. Akwai gine-ginen da aka rushe tuni, amma ga siffarsu a jikin ɗari.

'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba. Thomas Spence, mutumin Newcastle mai sayar da littattafai a Landan, wanda ke cewa ƙasar noma ta jama'a ce duka, ya mai da tagulla takardar wa'azi. Yana da wani da aka zana jaki an labta masa mangala, an rubuta haya da haraji a jikin kayan. A 1794 hukuma ta tsare shi wata da watanni ba shari'a. Masu neman a hana cinikin bayi kuma suka buga nasu da hoton baƙin mutum a durƙushe, an ɗaure shi da sarƙa.

Yanzu ga inda mai tarawa zai buɗe ido. Kafin 1795 tara waɗannan kwabbai ya zama yayi a wurin masu hali, dillalai kuwa suka shiga buga sababbi musamman don su, ba don kasuwa ba. Sukan ɗauki hatimin fuskar wannan su haɗa da hatimin bayan wancan, su fitar da abin da bai taɓa kasancewa kuɗin kowa ba, su sayar da shi da tsada a kan cewa ba shi da yawa. Masu tarawa suna kiran irin wannan alfadari, sunan kuwa ya dace. James Conder, wani mai sayar da yadi a Ipswich, ya jera su cikin kundi a 1798, har yau da sunansa ake kiransu, musamman a Amurka. Babban kundin da ake dogara da shi kuwa na Dalton da Hamer ne, wanda ya fito kashi-kashi daga 1910, an tsara shi lardi-lardi, kowane iri da lambarsa.

A kasuwar masu tarawa, mai ƙyalli wanda hannu bai taɓa ba shi ya fi tsada. Ni a wurina abin ba haka yake ba. Mai ƙyalli daga maƙera ya wuce akwatin attajiri, bai san kowa ba. Wanda ya goge har hancin dattijon Parys ya baje, shi ne ya biya lada, ya sayi gishiri, ya bi hannu dubu, shi ne kuma zai tabbatar maka cewa talakawa sun amince da alkawarin ɗan kasuwa lokacin da Sarki ya manta da su. In na sami sabo, bakinsa nake fara dubawa, in ga ko an ambaci sunan mutum da garin da za a biya. Akwai waɗanda aka rubuta musu wurin biya na bogi, ko aka ce ana biya ko'ina, wanda daidai yake da a ce ba a biya ko'ina.

A 1797 gwamnati ta farka, ta ba Matthew Boulton kwangila. Shi ne mai maƙerar Soho kusa da Birmingham, inda injin tururi ke buga kuɗi, a can ma aka buga wa Kamfanin Saliyo kuɗinsa mai shekarar 1791. Ya fitar da kwabo mai nauyin oza guda, da na kwabo biyu mai oza biyu, masu kaurin baki har aka yi musu laƙabi da ƙafar keken doki. Wannan ya kashe kasuwar kwabban 'yan kasuwa na ɗan lokaci. Da yaƙi da Faransa ya sake kawo ƙarancin canji, sai suka dawo wajen 1811, har da na azurfa. Majalisa ta yi doka a 1817 ta haramta na tagullar, in ban da na gidajen gajiyayyu na Birmingham da Sheffield, waɗanda aka ƙara wa 'yan shekaru don a sami damar karɓe su daga hannun jama'a.