Goggon Birin da Ya Fitar da Cadbury Kunya

A 2006 kamfanin Cadbury, wanda aka fi sani a Najeriya da Bournvita da alewar TomTom, ya shiga tsaka mai wuya a Birtaniya. An gano ƙwayar cutar salmonella a cakulansa, aka kwashe sama da ƙunshi miliyan ɗaya daga kantuna, mutane suka fara ɗari-ɗari da kayansa. Aikin wanke sunan ya faɗa hannun kamfanin talla na Fallon da ke Landan, inda wani ɗan Ajantina, Juan Cabral, ya kawo shawarar goggon biri mai buga ganga.

Masu sana'ar talla sun san haɗarin biri tun da daɗewa. A 1970 kamfanin akwatuna na American Tourister a Amurka ya saka akwatinsa a keji, biri ya yi ta jifa da shi yana tattaka shi bai fashe ba. Tallar ta yi suna, sai dai jama'a da yawa suka riƙa jingina ta ga abokin hamayyarsa Samsonite. Birin ya zauna a zukata, sunan mai akwatin ya ɓace. Abin dariya, a 1993 kamfanonin biyu suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Manyan Cadbury ma sun turje da aka nuna musu aikin Cabral. Daƙiƙa 90 cur, ba mai cin cakulan, ba mai cewa uffan. Sai da shugaban sashen tallarsu, Phil Rumbol, ya yi watanni yana lallashi kafin su sakar masa mara.

Ranar 31 ga Agusta 2007 aka haska tallar. Kyamara ta matso dab da fuskar birin: hanci na buɗewa, idanu a lumshe, na'urar sauraro a kunne, waƙar Phil Collins mai suna In the Air Tonight tana tashi a hankali. Ya miƙe wuya kamar ɗan dambe kafin shiga fili, sannan ya rufe gangunan da duka. Bangon da ke bayansa ruwan shunayya ne, launin takardar cakulan Dairy Milk na Cadbury, don kada mai kallo ya manta na wa ne birin.

Birin kuwa mutum ne cikin rigar gashi, ɗan wasan fim Garon Michael, wanda ya saba fitowa a matsayin biri a finafinan Hollywood. Sai da ya koyi bugun gangar dalla-dalla yadda hannunsa zai dace da sautin.

Kafin a ce kwabo tallar ta mamaye YouTube, matasa suka yi ta ɗora mata wasu waƙoƙin, waƙar Collins ta 1981 ta sake shiga jerin waɗanda aka fi saya a Birtaniya, cinikin Dairy Milk ya ɗaga. A 2008 alƙalan bikin talla na Cannes da ke Faransa suka ba ta babbar lambar yabo ta ɓangaren fim.